Ladabtar da Ma'aikatan Gwamnati a Nijar

Ladabtar da ma'aikaci shi ne tafarkin da hukuma ke bi ta hukunta wanda aka tuhuma da saɓa ƙa'idar aiki, bisa sharaɗin kada a yanke masa hukunci sai an ji ta bakinsa. A Jamhuriyar Nijar, dokar ma'aikatan gwamnati ta 23 ga Yuli 2007 ita ta tsara wannan babi, asalinsa kuwa yana komawa ga dokar Faransa ta 1905, wadda ta wajabta a nuna wa ma'aikaci takardun da aka tara a kansa kafin a hukunta shi. Malamanmu ba baƙi ba ne ga wannan ƙa'ida, domin wasiƙar Sayyidina Umar zuwa ga Abu Musa al-Ash'ari ta hori alƙali da ya daidaita masu husuma a majalisarsa.

Idan malamin makaranta ko ma'aikacin asibiti a Dakoro ya yi laifi, shugabansa kan fara da rubuta masa takardar neman bayani. In laifin ƙarami ne a tsaya ga gargaɗi, in kuwa ya kai ga rage muƙami ko kora, sai an gurfanar da shi gaban majalisar ladabtarwa, inda wakilan ma'aikata ke zama tare da na hukuma, shi kuma ya kawo hujjarsa da mai kare shi. Wanda bai gamsu ba yana iya roƙon minista ya sake duba hukuncin, sa'an nan ya ɗaukaka ƙara zuwa kotun da ke shari'ar hukuma a Yamai. Sai dai nisan Yamai da tsadar lauya sukan hana ƙaramin ma'aikacin karkara cin moriyar wannan haƙƙi.