Ciwon Zaizayewar Rigar Jijiya: Matsayin Abinci da Ƙwayoyin Bitamin Wajen Kula da Mai Shi

Bayanin ciwon

Ciwon zaizayewar rigar jijiya, wanda likitoci ke kira maltiful sikilarosis ko MS a taƙaice, cuta ce da ke kama ƙwaƙwalwa da laka da jijiyar gani. Ba shi da dangantaka da sikila, duk da kamar da sunayen biyu suka yi a kunne. Jijiyoyin da ke kai saƙo a jikin ɗan Adam suna lulluɓe da wata riga mai maiƙo da ake kira mayalin, kamar yadda roba ke lulluɓe wayar lantarki. A jikin mai wannan ciwo, garkuwar jiki, wadda aikinta shi ne yaƙar ƙwayoyin cuta, sai ta juya ta riƙa cin wannan riga, saƙo ya riƙa jinkiri ko ya yanke a hanya. Daga nan ne alamomin ke fitowa: dishi-dishin gani a ido ɗaya tare da zafi, gani biyu-biyu, mutuwar hannu ko ƙafa, jin kamar ana tsira allura, jiri, tangaɗi wajen tafiya, kasala mai tsanani da kasa riƙe fitsari.

Wani likita Bafaranshe, Jean-Martin Charcot, shi ne ya fayyace ciwon a birnin Paris a shekarar 1868. Ƙididdigar da ƙungiyar masu ciwon ta duniya ta fitar a 2020 ta nuna mutum miliyan 2.8 ne ke ɗauke da shi. Ya fi bayyana tsakanin shekara 20 zuwa 40, kuma ya fi kama mata, ninki biyu zuwa uku na maza. Wani bincike na Jami'ar Harvard da aka wallafa a 2022, wanda ya bi bayanan sojojin Amurka sama da miliyan 10, ya gano cewa kamuwa da ƙwayar cutar Epstein-Barr tana ninka haɗarin samun ciwon sau 32. Gado, shan taba, ƙiba tun ƙuruciya da ƙarancin bitamin D su ma suna da hannu.

Akwai halin ciwon guda ɗaya da muke so jama'a su riƙe kafin a zo maganar abinci. A wajen kimanin kashi 85 cikin 100 na masu shi, yakan fara ne da tashi da lafawa. Ido zai dushe na mako biyu ko uku, sa'an nan gani ya dawo da kansa, ko an sha magani ko ba a sha ba. Duk abin da aka ba majinyaci a wannan tsakani, jiƙo ne ko ƙwaya ko wani tsarin abinci, shi za a ce ya warkar. Alhali ciwon yana nan yana ɓarna a ɓoye, kuma bayan watanni ko shekaru zai sake tashi a wani sashen jiki.

Yadda abin yake a Kano

Ciwon ya fi yawa a ƙasashe masu sanyi da ke nesa da tsakiyar duniya, kamar Kanada da Sikotland da Suwidin, kuma bai cika yawa a yankinmu ba. Sai dai ƙarancin likitocin jijiya da na'urar hoton MRI yana sa wasu masu shi su shekara suna yawon neman magani ba a gano ba. A cikin birni, budurwar da ƙafarta ta mutu ta kuma farfaɗo, yawanci akan ce iska ce ko sammu, ko a ce shanyewar ɓarin jiki ne ya yi mata sauƙi.

Har ila yau, cututtuka da dama suna kama da MS, wasunsu ma sun fi shi yawa a nan: tarin fuka na ƙashin baya, ƙarancin bitamin B12, lalacewar jijiya saboda ciwon sukari, da cuta mai karya garkuwar jiki. Akwai kuma wani ciwo da ake kira NMO, mai kama jijiyar gani da laka, wanda ya fi yawa a tsakanin baƙar fata, kuma tun 2004 aka gano gwajin jinin da ke bambanta shi. Bambancin yana da muhimmanci, domin wasu magungunan MS suna ƙara tsananta NMO. Marigayi Farfesa Benjamin Osuntokun na Ibadan ya yi bayani a shekarun 1960 kan wani ciwon jijiya da ke da alaƙa da dogaro da rogon da ba a sarrafa shi sosai ba. Wannan ya nuna lallai akwai ciwon jijiya da abinci ke haddasawa a ƙasar nan, amma MS ba ya cikinsu.

Saboda haka matakin farko shi ne asibiti. Mazauna cikin birni za su iya farawa daga Asibitin Ƙwararru na Murtala Muhammad da ke kusa da Ƙofar Mata, inda za a tura su ga likitan jijiya, kamar waɗanda ke Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a titin Zariya. Magungunan rage tashin ciwon sun fara samuwa a 1993, kuma a watan Yuli na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa guda uku cikin jerin magunguna masu muhimmanci: rituximab, cladribine da glatiramer acetate. Babu wani abinci da ke maye gurbinsu.

Abin da bincike ya nuna game da abinci

Tsarin abinci mafi daɗewa shi ne na Dakta Roy Swank, wanda ya fara a birnin Montreal a ƙarshen shekarun 1940, inda ya hana majinyatansa cin kitse mai daskarewa fiye da ɗan kaɗan a rana. A 1990 ya wallafa sakamakon bin mutum 144 na tsawon shekara 34, ya ce waɗanda suka kiyaye dokar sun fi daɗewa da ƙarfinsu. Aibin binciken shi ne babu wani rukuni da aka ware da ƙuri'a don gwadawa, kuma mai sauƙin ciwo shi ya fi iya jure doka. Daga baya Dakta Terry Wahls ta jihar Iowa, wadda ita kanta tana da ciwon, ta fito da nata tsarin mai yawan ganye, ba alkama ba madara. Da aka gwada tsarin biyu a 2021, kowannensu ya rage kasala, amma gwajin bai nuna sun tsayar da ciwon ba.

Abin da muka fahimta daga wannan shi ne, amfanin abinci mai kyau na gaske ne, amma yana da iyaka. Yana rage kasala, yana gyara bayan gida, yana kare mutum daga ƙiba da hawan jini da ciwon sukari, waɗanda an tabbatar suna hanzarta naƙasa ga mai MS. Kuma ba sai an nemo abincin Turawa ba. Abin da ake buƙata yana nan a Kasuwar Rimi da 'Yankaba da 'Yanlemo.

Tuwon dawa da na gero da acha da alkama sun fi farar shinkafa da taliya da burodi, domin suna da dusar da ke taimakon hanji. Wake, ko a dafa-duka ko alale ko ɗanwake, ya kamata ya riƙa zuwa sau da yawa a mako. Ganye kuwa Allah Ya hore mana: zogale, rama, alayyahu, yakuwa, lansir, kuka da kuɓewa. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli da tumatir da albasa abinci ne da ba shi da na biyu ga mai wannan lalura, ga shi da araha. A haɗa da gwanda, gwaiba, lemo, kankana da mangwaro a lokacinsu, da kifi mai maiƙo kamar sadin da titus sau biyu a mako idan hali ya yi.

Abin da za a rage shi ne man shanu, kitse, kakiɗe da yawan suya. Manja kusan rabinsa kitse ne mai daskarewa, don haka a taƙaita shi, a fi dogara da man gyaɗa ko na riɗi ko na waken suya. Man zaitun yana da kyau, amma wanda ba shi da kuɗinsa bai yi asarar komai ba. Gishiri kada ya kai giram 5 a rana, wato kimanin cokalin shayi ɗaya, kuma a tuna dunƙulen magi da kanwa duk suna cikin lissafi. Daddawa da kayan ƙamshi za su cike gurbi. Lemon kwalba da shayi mai kaurin sukari a rage su. Taba sigari da shisha kuwa a bar su gaba ɗaya, domin hujjar cutarwarsu ga mai MS ta fi ƙarfin duk wata hujja da ake da ita kan abinci.

Masu fama da yawan fitsari sukan rage shan ruwa don gudun kunya. Wannan yana jawo cutar mafitsara da taurin bayan gida, kuma cutar mafitsara tana tayar da alamomin ciwon. Wanda haɗiya ke ba shi wahala, a ba shi kunu mai kauri da fate da alale, yana zaune a miƙe. Wanda ke kan maganin da ke rage ƙarfin garkuwar jiki ya guji madarar da ba a tafasa ba da ganyen da ba a wanke sosai ba.

Bitamin D da sauran ƙwayoyi

Bitamin D shi ne aka fi yin bincike a kansa. Fata ce ke samar da shi idan rana ta taɓa ta, kuma mai baƙar fata yana buƙatar lokaci fiye da mai fara. Za a ɗauka cewa a Kano ba za a rasa shi ba, amma matar da ke kulle a gidan da aka rufe tsakar gidansa da kwano, ko majinyacin da ya daɗe a ɗaki, suna iya rasa shi ga rana a waje tana dukan kowa. Zama na ɗan lokaci a hantsi, hannuwa da ƙafafu a buɗe a tsakar gida, yana taimakawa, haka ma ƙwai da kifi.

Sakamakon gwaje-gwaje ya sha bamban. Wani gwaji a Amurka da aka wallafa a 2023 ya nuna shan ma'auni 5,000 a rana bai rage tashin ciwon fiye da shan 600 ba. Wani kuma a Faransa, wanda ya fito a 2025, ya ba mutanen da ciwon ya fara bayyana musu ma'auni 100,000 duk mako biyu har shekara biyu, aka ga alamun ciwon sun ci gaba a kashi 60 cikin 100, a kan kashi 74 na waɗanda ba su sha ba. Wannan labari ne mai daɗi, amma an yi shi ne ƙarƙashin kulawar likitoci. Iyakar da aka amince babba ya sha da kansa ita ce 4,000 a rana. Bitamin D yana taruwa a jiki, kuma idan ya yi yawa yana ɗaga sinadarin kalsiyam a jini, ya kawo amai da tsakuwar ƙoda, har ya lalata ƙodar. Shawararmu ita ce a auna jini tukuna, likita ya yanke adadi.

Bitamin B12 yana da amfani ga wanda gwaji ya nuna ya rasa shi, kuma nama da hanta da ƙwai da nono suna da shi. Muna jan hankali kan al'adar zuwa kemis a yi allura ko a sayi ƙwayar bitamin B da zarar an ji ƙafa ta mutu, domin yawan bitamin B6 na tsawon lokaci shi kansa yana lalata jijiya. Biyotin mai yawa, miligiram 300 a rana, an sa masa rai sosai, amma babban gwajin da aka wallafa a 2020 ya nuna bai yi aiki ba, kuma tun 2017 hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗin cewa yana rikita sakamakon gwajin jini, har da na ciwon zuciya. Ƙwayar man kifi ma an gwada ta a Norway a 2012 ba a ga amfani ba; gara a sayi kifin da kuɗin.

Game da zuma da habbatus sauda da garin zogale da ake sayarwa a Kasuwar Kurmi da shagunan unguwa, babu laifi a ci su daidai gwargwado, matuƙar an shaida wa likita kuma ba a ajiye maganin asibiti saboda su ba. Inda muke da ja shi ne kayan kwalba da ake talla da lasifika ko a Facebook da WhatsApp da sunan masu ƙara ƙarfin garkuwar jiki. Garkuwar mai MS ba rauni ta yi ba, kuskuren abokin gaba take yi, don haka ƙara mata ƙarfi ba shi ne abin nema ba. A duba lambar hukumar NAFDAC a jikin kowane kaya, amma a sani cewa lambar da take ba magungunan gargajiya ba shaida ba ce cewa suna warkar da abin da aka rubuta a jikinsu.

Zafi da azumi

Tun 1890 wani likitan ido Bajamushe, Wilhelm Uhthoff, ya lura cewa ɗumamar jiki tana dusashe ganin masu wannan ciwo na ɗan lokaci. A bazara, musamman watan Afrilu da zafin Kano kan kai digiri 40, majinyaci zai iya jin ƙafafunsa sun yi nauyi da rana tsaka, su saki da yamma. Wannan ba sabon tashin ciwo ba ne. Ruwan randa mai sanyi, wanka da ruwan sanyi, jiƙaƙƙen tawul a wuya da barin aiki mai nauyi sai da sassafe sukan wadatar. Idan alamar ta wuce awa 24 ba ta tafi ba, ko ta zo da zazzaɓi, a tafi asibiti.

Masu sauƙin ciwo da dama suna yin azumin Ramadan lafiya, amma ya kamata a ga likita kafin watan ya kama, domin a daidaita lokacin shan magani tsakanin buɗa-baki da sahur. Wanda ciwon ya tashi masa a lokacin, ko yake karɓar ruwan maganin sitiroyid mai ɗaga sukarin jini, ko yake fama da cutar mafitsara, yana cikin marasa lafiyar da shari'a ta yi wa rangwame, sai ya tuntuɓi likitansa da malaminsa kan ramuwa ko ciyarwa. Wanda zai yi azumin ya yawaita ruwa da dare, ya yi sahur da kunun gero ko wake da ƙwai, ya kuma rage soye-soye da zoɓo mai yawan sukari wajen buɗa-baki.