Yadda wasan waya ya kai hukuma gaban alƙali

Yau tarihi na kawo muku, kuma ba na da can ba ne.

A watan Yulin 2016 kamfanin Niantic ya saki Pokémon Go. Wasa ne da ke ɗora 'yan dodanni a kan taswirar gari, sai ka taka da ƙafarka zuwa wurin, ka gan su ta kyamarar waya ka kama. To fa, nan rigima ta soma, don ba a tambayi masu wuraren ba. Gidan tarihin Holocaust da ke Washington sai da ya roƙi mutane su daina farautar dodanni a cikinsa. Iran kuwa a watan Agusta ta haramta wasan gaba ɗaya, ta ce saboda tsaro.

Wanda ya fi jan hankalina shi ne na gundumar Milwaukee a Amurka. 'Yan wasa sun cika wurin shaƙatawa na Lake Park, ga shara, ga cunkoso. A farkon 2017 hukuma ta yi doka: duk kamfanin da wasansa zai shiga wuraren shaƙatawarta sai ya nemi izini, ya kuma kawo inshorar dala miliyan 1. Wani ƙaramin kamfani, Candy Lab, ya shigar da ƙara. A Yulin 2017 alƙali J.P. Stadtmueller ya dakatar da dokar, domin tsarin mulkinsu na kare wasan bidiyo a matsayin faɗin albarkacin baki, dokar kuma ta bar wa jami'ai su ba wanda suka ga dama izini. Ya nuna cewa hukuma na iya hukunta mai zubar da shara kai tsaye.

Masu gidaje ma sun kai Niantic ƙara. A sulhun 2019 kamfanin ya yarda zai riƙa cire alamominsa da ke cikin mita 40 daga gidan mutum idan ya yi ƙorafi.

Ni abin da na fahimta, dodon na ƙarya ne amma ƙafafun da yake jawowa na gaske ne. Hana wasan duka ya yi tsauri, ƙyale kamfani kuma zalunci ne ga mai gida. Idan gobe aka dasa alama a ƙofar ɗakin kwananmu, baƙi suka yi dafifi tsakar dare, wa za mu kama: kamfanin, 'yan wasan, ko hukumar makaranta? Lauyoyin gobe, ina sauraronku.