Baka da kibiya a ƙasar Kabi

Shekaru aru-aru kafin bindiga ta yaɗu, baka da kibiya su ne makamin mafi yawan dakarun ƙasa a daular Kabi, wadda Muhammadu Kanta ya kafa a ƙarni na 16.

'Yan baka sun taka rawa a yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan faɗuwar Birnin Kebbi a hannun masu jihadi a 1805, da kuma gwagwarmayar da Kabawa suka ci gaba da yi daga Argungu.

Yadda ake yin baka

Akan sassaƙa baka ne daga sanda guda ta itace mai tauri da ke lanƙwasuwa ba tare da ya karye ba, kamar dargaza ko ɗunɗu.

Bayan sandar ta bushe, sai a fere ta, a bar tsakiya da kauri domin riƙo, a sirantar da bakunan biyu daidai wa daida. Idan ɓangare ɗaya ya fi ɗaya lanƙwasa, nauyin ja zai taru a wuri guda, kuma a nan bakan zai tsage.

Tsawon sanda ma yana da muhimmanci, domin gajeren baka ba ya jure ja mai nisa. A wasu ƙasashen Turai akan haɗa gajerun itatuwa biyu a wurin riƙo da manne domin a samu tsawon da ake buƙata.

Ita kuwa tsirkiya, akan murɗa ta ne da fata.

Kibiya da dafi

Akan yi jikin kibiya da kyauro, maƙera kuma su ƙera kanta da ƙarfe mai kunnuwa. Galibi ba a sa mata gashin tsuntsu.

Hatsarinta dai yana ga dafin da ake dafawa da 'ya'yan kwankwani, wanda ke tsayar da zuciya. Saboda haka ko da raunin bai yi zurfi ba, yana iya kisa.

Abin da ya rage

A yau bindiga ta rage wa sana'ar kasuwa, ko a wajen maharba.

Sai dai ana iya ganin tsofaffin bakuna da kwaruruwa a gidan tarihi na Kanta da ke Argungu, wanda aka buɗe a 1958.

Haka kuma harbin baka na cikin wasannin da aka san bikin kamun kifi na Argungu da su, bikin da aka soma a 1934, wanda hukumar UNESCO ta sanya cikin jerin al'adun duniya a 2016.