Daga Salaga zuwa Madina: Yadda Marubutan Zango Suka Rubuta Ƙauna Cikin Wuya

Rubutun mutanen Zango na Ghana a hannun malamai ya faro, da tawada da alƙalamin kara. Jagoransu Alhaji Umaru na Kete-Krachi ne, haifaffen Kano da ya zauna a Salaga zamanin cinikin goro da bayi, ya rasu a 1934. Yaƙin basasar 1892 ya tarwatsa Salaga, fatake da malamai suka bazu zuwa Krachi da Kumasi da Accra. Alhaji Umaru ya yi waƙa kan zuwan Nasara, ya yi kan talauci da wadata. Sai dai a rubutun wancan zamani sarakuna da attajirai ne a gaba. Baiwar da ke jan ruwa a rijiya ba a jin muryarta.

Mu da muka taso da karatun boko, littattafan Najeriya ne suka fara nuna mana cewa zuciyar talaka ma tarihi ce. A Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito a 1934, uwa ta ratsa Sahara neman ɗanta har ita ma ta faɗa bauta. A 1954 Mary Smith ta fitar da tarihin Baba ta Karo, tsohuwar da ta ba da labarin aure da kishi da farmakin masu kama bayi da bakinta.

Namu na Ghana ya jinkirta, da ya zo kuma da Turanci ya zo. A 2005 Mohammed Naseehu Ali, ɗan Kumasi, ya buga The Prophet of Zongo Street. A ciki akwai Malam Sile, gajeren mai shayi da kowa ya raina, samari su sha bashi su ƙi biya. Ya je arewa ya auro Abeeba, ita kuwa ta tare ƙaton unguwa, Samadu, ta lakaɗa masa duka a bainar jama'a. Sile bai san abin da ya faru ba; ya ga dai mutane sun fara girmama shi, ya yi ta gode wa Allah. Wannan ita ce soyayyar Zango: ba zance mai zaƙi ba, tsare mutuncin abokin zama a ɓoye.

Ayesha Harruna Attah, haifaffiyar Accra, ita ta koma tushe. Ta gina The Hundred Wells of Salaga na 2018 a kan kakar kakanninta da aka sayar a kasuwar Salaga. A littafin, mahaya dawakai suka ƙone garin wata yarinya mai suna Aminah, gimbiya Wurche ta saye ta, zama ya haɗa uwar ɗaki da baiwa har kowacce ta zama madogarar ɗaya. A littafinta na 2020 marubuciyar ta bi sawun ƙannen Aminah, tagwaye Hassana da Husseina, ɗaya a Accra, ɗaya har Bahia ta Brazil, mafarki kaɗai ke sada su.

Saura babban aiki. A Nuwamban 1969 gwamnatin Ghana ta Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasar. A unguwannin Nima da Maamobi da Madina, wadda a lokacin shekararta goma da kafuwa ƙarƙashin Alhaji Seidu Kardo, an sayar da gidaje a wulaƙance, miji ya hau mota, mata da 'ya'ya suka tsaya. Wasu matan da tallan koko da waake suka riƙe gida har yara suka girma. Waɗanda suka ga abin da idonsu suna manya yanzu sun haura saba'in.

Saboda haka, matasan Zango, kowa na da waya a aljihu. Ku zauna gaban kaka ku naɗi muryarta, sannan ku rubuta da Hausar da ta yi maganar, tun tana da rai.