Takedda: Garin Tagulla da Hamada Ta Binne

Duwatsun da suka ba garin Dutse sunansa suna da dangi a nesa. Masana ilimin ƙasa suna lissafa su cikin wani dogon jeri da ya taso daga tsaunukan Azbin a Jamhuriyar Nijar, ya ratsa Damagaram, ya biyo ta Dutse, har ya kai tsaunukan Jos. Na Azbin ne suka fi tsufa, domin sun haura shekara miliyan 400, na Dutse kuwa an ƙiyasta musu kimanin miliyan 213. A yammacin Azbin, arewa maso yamma da Agadas, akwai wani kufai mai suna Azelik, wanda yawancin masu bincike suka yarda shi ne tsohon garin Takedda, mahaƙar tagullar da ta taɓa ciyar da kasuwannin ƙasar Hausa.

Tun zamanin da babu ɗan Adam a doron ƙasa, ruwan sama da koguna suka yi ta zaizayar tsaunukan Azbin, suna kwashe yashi da laka zuwa kwarin Tim Mersoi da ke yamma da su. Yashin ya daskare ya zama dutse. Ruwan ƙarƙashin ƙasa mai ɗauke da narkakkun ma'adinai ya riƙa ratsa shi, yana sauke kayansa a wasu siraran shimfiɗu. A Azelik an sami tagulla tsantsa, ƙwayoyi ƙanana maƙale cikin dutse. Aikin maƙeri shi ne ya farfasa dutsen, ya tsince ƙwayoyin, ya narka su a 'yan ƙananan tukwanen yumɓu. Sauƙin aikin ne ya jawo mutane, amma ma'adinin ba shi da yawa.

Ibn Baɗuɗa, matafiyin nan na Maroko, ya sauka a Takedda a shekarar 1353, bayan ya baro Gao. Ya tarar da gidajen jan dutse, da ruwan da tagulla ta sauya wa launi da ɗanɗano. Bayi maza da mata ne ke narka ƙarfen a cikin gidaje, suna zuba shi sanduna masu tsawon taƙi ɗaya da rabi. Sanduna masu kauri 400 ake bayarwa a kan miskali ɗaya na zinariya, sirara kuwa 600 zuwa 700. Su ne kuɗin garin: da sirara ake sayen nama da itacen girki, da masu kauri ake sayen gero da alkama da man shanu, har da bayi. Ya kuma ambaci inda fatake ke kai tagullar, ciki har da Barno da Gobir, kuma wannan ambato na cikin mafi daɗewa da aka yi wa wata ƙasar Hausa a rubuce.

Hanyar da tagulla ta bi, ita ilimi ya bi. A farkon shekarun 1490 Shehu Muhammad al-Magili ya baro Tuwat, ya zauna a Takedda yana karantarwa, kafin ya iso Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Sai dai a lokacin garin ya riga ya fara ja da baya. Tagulla ta yi ƙaranci, Masarautar Agadas ta yi ƙarfi, ayari ya karkata can. Labaran baka na mutanen Ingal suna tuna yaƙi da Sarkin Agadas wanda ya tarwatsa Azelik. Waɗanda suka tsira suka koma Ingal da Tegidda-n-Tesemt, suka kama sana'ar gishiri, wadda jikokinsu ke yi har yau.

Garin ya ɓace har wani masani Bafaranshe, Henri Lhote, ya yi zaton gishiri Ibn Baɗuɗa ya gani, ba tagulla ba. A shekarun 1970 Suzanne Bernus da Pierre Gouletquer suka binciki Azelik, aka gano tukwanen narka ƙarfe, da ɓurɓushin tagulla, da kufan masallatai da maƙabartu, wanda ya gaskata matafiyin.

Shimfiɗun dutsen da suka adana tagulla sun kuma adana yuraniyam. Kamfanin SOMINA, haɗin gwiwar gwamnatin Nijar da 'yan ƙasar Sin, ya fara haƙarsa a Azelik a wajajen 2011, amma kafin 2015 ta ƙare aiki ya tsaya.

Ibn Baɗuɗa ya lura cewa mutanen Takedda ba su da wata sana'a sai fatauci, har Masar suke zuwa kowace shekara. Ke nan arzikinsu ya fito ne daga sarrafa ƙarfen da kansu da kuma riƙe hanyar sayar da shi, kuma da ma'adinin ya ragu, hanya ta kauce, babu abin da ya rage da zai riƙe garin. Yau da jihohin Arewa, har da Jigawa, ke sa rai ga ma'adinai don rage dogaro da kuɗin man fetur, ya dace a tambayi duk mai neman izinin haƙa: nawa ne a ƙasan, shekara nawa zai kai, a ina za a sarrafa shi, kuma wace sana'a za ta rage wa mutanen wurin ranar da ramin ya ƙare?