Tatsuniyar da Ba a Kai Ƙurunƙus Ba: Waiwaye a Kan Katse Wasan Ƙwallo a Talabijin

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san cewa tatsuniya tana da ƙa'ida. Da zarar gwaggo ta buɗe baki ta fara, yara kuma suka amsa mata, to an ƙulla alkawari ke nan, ba ta da damar tashi sai ta kai su ƙurunƙus. Wasan ƙwallon ƙafa da ake nunawa kai tsaye a talabijin labari ne irin wannan, sai dai ya ɗara tatsuniya da abu guda, wato shi mai ba da labarin ma bai san yadda zai ƙare ba. Wannan ne ya sa yanke wa mai kallo wasa a tsakiya ya fi hana shi kallon tun farko ciwo.

Manufar wannan rubutu ita ce bin sawun hannayen da suka riƙa katse wa mai kallo wasa, da dokokin da aka yi a kan haka. Za mu fara da ƙasashen da abin ya haifar da doka, sa'an nan mu komo gida, mu auna shi da ma'aunin ɗan kallon da ke zaune a unguwar Gamboru ta cikin birnin Maiduguri, ba Gamborun Ngala ta bakin iyakar Kamaru ba.

Daren da Yarinya Ta Kori Ƙarti

Ran 17 ga watan Nuwamba, 1968, ƙungiyoyin New York Jets da Oakland Raiders suka kara a Amurka, a irin ƙwallonsu mai kama da zari-ruga. Kamfanin talabijin na NBC ya ware wa wasan sa'a uku, domin ya riga ya sayar wa kamfanin agogo na Timex filin ƙarfe bakwai na yamma, inda za a nuna fim ɗin yara mai suna Heidi, labarin wata marainiya a tsaunukan Suwizalan. Wasa ya ja, bakwai ta buga saura daƙiƙa 65 a tashi, Jets na gaba da maki 32 da 29. Shugabannin kamfanin sun yanke shawarar a bar wasan ya ƙare, amma suka kasa samun ma'aikacin da ke riƙe da makunni, saboda jama'a sun cushe layukan tarho da kira. Shi kuwa ma'aikacin ya bi umarnin da ke rubuce a gabansa, ya juya akala zuwa fim.

Abin da mutanen gabashin Amurka ba su gani ba shi ne, cikin daƙiƙa tara kacal Raiders ta ci sau biyu, aka tashi 43 da 32. Fushin jama'a ya kai ga shugaban kamfanin, Julian Goodman, ya fito ya nemi gafara. Daga nan hukumar wasan ta sa sharaɗi a yarjejeniyarta da gidajen talabijin cewa wasan da aka fara nuna wa garin masu ƙungiya sai an kai shi ƙarshe, kamfanin kuma ya kafa layin tarho na musamman don kada umarni ya sake maƙalewa a hanya. Ɓarnar minti ɗaya ta haifi dokar da ta kare mai kallo.

Ingila ma ta ɗanɗana. Ran 4 ga Fabrairu, 2009, Everton da Liverpool suna ƙarin lokaci a gasar kofin FA, sai na'urar gidan talabijin na ITV ta saki tallar alewa da kanta. Kafin hoto ya komo wa masu kallo da yawa, Dan Gosling ya riga ya jefa ƙwallo ɗaya tilo ta wasan a minti na 118. Nan ma sai da shugaban gidan ya ba da haƙuri. Ban da wannan, Ingila tana da dokoki biyu da ya kamata mai karatu ya riƙe, don za mu komo kansu. Ta farko, tun shekarun 1960 aka hana nuna ƙwallo kai tsaye ran Asabar daga uku saura kwata zuwa biyar da kwata na yamma, domin kada talabijin ta kwashe wa ƙananan ƙungiyoyi 'yan kallonsu. Ta biyu, dokar watsa labarai ta 1996 ta tanadi jerin wasannin da ake ɗauka dukiyar ƙasa ce, irin su gasar cin kofin duniya, waɗanda tilas a ba tashoshin kyauta damar nuna su.

Hannun Hukuma

A Nijeriya talabijin ta fara ne a Ibadan ran 31 ga Oktoba, 1959, ta iso Kaduna a 1962. Dokar soja mai lamba 24 ta 1977 ta tattara dukkan tashoshin ƙasar ƙarƙashin hukumar NTA, kuma a wannan zamani ne Maiduguri ta sami tata tashar, kafin daga baya gwamnatin jiha ta zo da BRTV. A lokacin akwatin talabijin kayan gidan wane da wane ne. A unguwa irin Gamboru, inda Barebari da Hausawa da Shuwa suke cuɗanya a kasuwa guda, gidan da ke da akwati shi ne dandalin layin duka. Da irin wannan kallo na taron dangi mutanen Arewa da dama suka shaida ranar 22 ga Maris, 1980, sa'ad da Nijeriya ta lallasa Aljeriya da ci 3 da nema a Legas, Segun Odegbami ya ci biyu, Muda Lawal ya ci ɗaya, Shugaba Shehu Shagari ya miƙa kofin Afirka.

To, amma mai abu shi ke da ikon abinsa. Tashar ta gwamnati ce, jadawalinta kuma na gwamnati ne. Ƙarfe tara na dare kowace tashar NTA sai ta haɗe da Legas don labaran ƙasa, kuma in shugaban ƙasa zai yi jawabi, ko wani soja ya wayi gari da sanarwar juyin mulki, kowane shiri sai ya kauce. Babu wata takarda da ta ba mai kallo haƙƙin ya ce a jira alƙalin wasa ya hura usur. Hannun hukuma ya fi fitowa fili a watan Janairu na 1996. Bayan rataye Ken Saro-Wiwa a watan Nuwamba na 1995, da kakkausar sukar da Nelson Mandela ya yi, gwamnatin Janar Sani Abacha ta janye Nijeriya daga gasar kofin Afirka da aka yi a Afirka ta Kudu, alhali ita ke riƙe da kofin tun 1994. Hukumar ƙwallon Afirka ta mayar da martani da haramta mata gasar 1998. Wannan ya wuce yanke wasa guda: gasa biyu cur aka ɗauke wa jama'a.

Hannun NEPA

Sai dai in ana maganar wanda ya fi kowa katse wasa a ƙasar nan, ko yaro ya san amsa. Tun da aka kafa NEPA a 1972, ɗan kallo ya koyi zama da ido ɗaya a kan akwati, ɗaya a kan ƙwan lantarki, da rediyo mai batir a gefe. Abin takaicin shi ne, tarihin ƙwallon Nijeriya kusan duk a mintocin ƙarshe aka rubuta shi. A Dammam ta Saudiyya, ran 25 ga Fabrairu, 1989, Tarayyar Sobiyet ta zura wa matasanmu huɗu babu ko ɗaya, suka farke duka a cikin rabin sa'ar ƙarshe, suka kuma yi nasara a bugun fenareti. Ran 5 ga Yuli, 1994, saura minti biyu Nijeriya ta fitar da Italiya daga gasar duniya, Roberto Baggio ya farke, ya ƙara a ƙarin lokaci. Ran 31 ga Yuli, 1996, a wasannin Olamfik na Atlanta, Brazil na gaba da 3 da 1, Victor Ikpeba ya rage, Nwankwo Kanu ya farke a minti na 90, ya kuma jefa ta raba gardama. Wanda wuta ta ɗauke masa a minti na 75 na wannan dare ya kwanta da labarin da ba shi ne ya faru ba. Ma'aikacin tashar Amurka sau ɗaya ya yi, aka yi doka. A nan kuwa abin ya zama jiki, har aka daina jiran ban haƙuri.

Hannun Kuɗi

Dokar soja mai lamba 38 ta 1992 ta buɗe wa 'yan kasuwa ƙofar kafa tashoshi, ta kuma kafa hukumar da za ta sa musu ido, wadda ita ma ake taƙaita sunanta da NBC, takwarar kamfanin can na Amurka amma ba dangi. Bayan haka satalayit ya shigo, DStv ta fara a 1995, wasannin Turai suka zama haja. Tun da talaka ba zai iya sayen dikoda da biyan kuɗin wata ba, sai dabara ta haifi gidan kallo: rumfar kwano, bencina, janareta, da allon da ake rubuta wasannin ranar da alli a bakin ƙofa. Wannan sana'a ta warware matsala biyu a lokaci guda, domin janareta ya kashe bakin NEPA, tashar wasanni kuma ba ta da labaran ƙarfe tara da za ta juya gare su.

Amma kowane allazi da nasa amanu. Yanzu makunnin ya koma hannun wanda ya sayi izinin nuna wasa. A 2007 kamfanin HiTV ya ƙwace gasar Firimiyar Ingila, masu gidajen kallo suka sayi sabuwar dikoda. A 2010 gasar ta koma hannun SuperSport, HiTV ya durƙushe a 2011, dikodar ta zama tarkace. Mafi muni shi ne abin da ya faru a watan Janairu na 2013. Ƙungiyar gidajen rediyo da talabijin ta ƙasa, BON, ta kasa daidaitawa da kamfanin LC2 mai riƙe da izinin gasar kofin Afirka a kan farashi, aka buɗe gasar ba tare da tashoshin gida sun nuna wasannin Nijeriya ba. A wannan gasa ce Stephen Keshi da yaransa suka ɗauko kofi ran 10 ga Fabrairu. Ƙungiyar ta ƙasa ce, da dukiyar ƙasa aka tura ta, amma kallon tafiyarta ya zama sai mai satalayit ko mai kuɗin benci. Irin wannan ce dokar Ingila ta 1996 ta toshe.

A watan Agusta na 2020 Ministan Watsa Labarai, Lai Mohammed, ya ƙaddamar da gyaran kundin ƙa'idojin hukumar NBC, wanda ya hana kamfani guda kankane izinin wasanni, ya tilasta masa sayar wa sauran tashoshi. A 2022 Babbar Kotun Tarayya da ke Legas ta soke gyaran. Ko a wancan gyaran ma, in aka duba da kyau, rabon ganima ne tsakanin kamfanoni, mai kallo na bakin ƙofa.

Ga kuma wani abin lura. Wasan ƙarfe uku na Asabar da aka hana mutumin Liverpool gani a gidansa, ɗan Gamboru yana ganinsa kai tsaye, kuma yakan faɗo daf da lokacin la'asar da ƙungiyoyinmu ke fita fili. El-Kanemi Warriors, wadda ta kawo kofin ƙalubale Maiduguri a 1991 da 1992, ta sake ɗaukarsa a 2024, tana gogayyar neman 'yan kallo da Arsenal da Chelsea a cikin garinta. Ingila ta killace filayenta da doka, ta sayar mana da abin da ta hana kanta.

Hannun Tsoro

Hannu na ƙarshe shi ne wanda Borno ta fi kowa saninsa. Da rikicin Boko Haram ya tsananta, aka kafa dokar ta-ɓaci a watan Mayu na 2013, dokar hana fita ta riƙa rufe gari tun kafin a take wasannin dare na Turai. El-Kanemi ta yi hijira da wasanninta na gida zuwa Kano da Katsina, sai a 2016 ta komo. Gidan kallo da kansa ya zama abin hari. Ran 17 ga Yuni, 2014, bam ya tashi da masu kallon wasan Brazil da Meziko a Damaturu, kuma a wannan wata gwamnatin Adamawa ta rufe gidajen kallo. Ran 16 ga Yuni, 2019, 'yan ƙunar baƙin wake suka hallaka mutum 30 a wajen kallon ƙwallo a Konduga. A watan Janairu na 2021 aka tarwatsa turakun lantarki a hanyar Damaturu, Maiduguri ta yi watanni a cikin duhu. Duk da haka, da sauƙi ya samu, allunan alli suka sake fitowa bakin rumfuna, kuma komowarsu na daga cikin alamun da mazauna gari suka gane cewa dare ya fara komowa hannunsu.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata, za a ga cewa makunnin ya yi ta sauya hannu, daga hukuma zuwa mai wuta, daga mai kuɗi zuwa mai makami, amma bai taɓa zuwa hannun mai kallo ba. Maganin hannu biyu daga ciki, wato wuta da tsaro, ya wuce kundin kowace hukumar watsa labarai. Sauran biyun kuwa alƙalami ya isa ya ɗaure su. Ana iya rubuta cewa duk wasan da ƙungiyar ƙasa za ta buga a babbar gasa dole ya fito a tashar kyauta, a kuma rubuta cewa tashar da ta fara nuna wasa kai tsaye ba za ta juya ba sai an tashi, in ba don sanarwar ceton rai ba. Ana kuma iya tsara lokutan gasar cikin gida yadda filin El-Kanemi ba zai riƙa karo da na Landan ba. Amurka ta rubuta tata dokar bayan wasa guda a 1968. Ɗan kallon Gamboru ya rasa ƙarshen wasannin da ba su ƙirguwa, kuma abin da yake bi bashi bai wuce abin da yaran gwaggo suke bi ba, wato in an fara masa labari a kai shi ƙurunƙus.