Tarihi da Siffofin Dandalin Wasan Bijimi na Garin Ronda

A wannan sashe za a yi tsokaci ne a kan dandalin wasan bijimi na garin Ronda da ke yankin Andalus, a kudancin ƙasar Sifen, domin nuna yadda sauyin da wasan ya samu ya haifar da siffar ginin.

Kafin ƙarni na 18, a filin tsakiyar gari ake yin wannan wasa, kuma sarakai da 'ya'yan masu sarauta ne ke tunkarar bijimi a kan dawaki, riƙe da mashi. A Ronda, ƙungiyar mahaya ta Real Maestranza, wadda aka kafa a zamanin Sarki Filib na Biyu, ita ce ke kula da irin wannan horo na hawa. Da sarakai suka ja baya, sai talakawa suka karɓe wasan, suna yin sa a ƙasa. Zuriyar Romero ta Ronda ta yi fice a nan, musamman Pedro Romero (1754-1839). Tun da wasan ya zama sana'a, 'yan kallo na biyan kuɗi, dole a samar masa da mazauni na dindindin. Saboda haka ƙungiyar ta gina dandalin da dutse, aka buɗe shi a shekarar 1785.

Dangane da siffofinsa kuwa, filin da'ira ne mai faɗin mita 66, an shimfiɗe shi da yashi. Hikimar da'irar ita ce, a filin gari mai kusurwa huɗu bijimi kan maƙale a lungu ya ƙi fitowa. An kewaye filin da shinge, da 'yan maɓoya inda ɗan wasa kan tsere idan bijimi ya taso masa. Mazaunin 'yan kallo hawa biyu ne, bisa ginshiƙai 136, kuma duk a rufe yake, yana ɗaukar mutum kimanin 5,000. Haka kuma akwai ɗakunan tsare bijimai da barga da rumfar sarki.

Daga ƙarshe, ya kamata a lura cewa wasan na fuskantar suka daga masu kare haƙƙin dabbobi. Majalisar yankin Kataloniya ta haramta shi a 2010, amma kotun tsarin mulki ta soke haramcin a 2016. Idan aka yi la'akari da wannan, makomar dandali irin na Ronda ta dogara ne ga yadda al'umma ta ɗauke shi: filin wasa ko kuwa gidan tarihi.